Sanarwa kan inshorar masu kwangilar fenti

Assalamu alaikum ƴan'uwa abokan sana'a.

Don Allah duk mai karɓar kwangila ya ɗauko takardar inshorarsa ya karanta, musamman shafin abubuwan da kamfani ya ce ba zai biya ba.

Inshorar da ke biyan ɓarnar da muka yi wa wasu, misali fenti ya malale a kan tayil ɗin mai gida ko tsani ya faɗa wa mai wucewa, ba ta ɗaukar jinyar yaronka idan ya faɗo. Ta ma'aikata daban take, kuma ita ta fi damuna, domin karaya ɗaya tana kwantar da mutum wata da watanni, ga iyali. Ku tambaya ko ta haɗa da leburorin da kuke ɗauka na yini.

Masu injin feshi, ku duba batun fentin da iska ke kwasa zuwa motocin maƙwabta. Wasu kamfanonin inshora suna cire shi daga abin da za su biya, haka ma kankare tsohon fenti mai dalma. Wasu kuma suna ƙayyade tsayin da za a hau.

Idan tsautsayi ya auku, Allah ya kiyaye, a ɗauki hoto, a sanar da kamfanin nan take.