Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Shari'a na Tarayyar Najeriya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan Kotun ECOWAS, wadda take zaune a Abuja, amma gwamnatin da ta ba ta masauki kan yi watsi da hukuncinta idan bai yi mata daɗi ba.

Tun shekarar 2005 aka ba wannan kotu ikon sauraron ƙarar duk wanda aka tauye wa haƙƙi, ba tare da sai ya gama zagaye kotunan ƙasarsa ba, kuma an ga amfanin hakan. A 2008 kotun ta samu Jamhuriyar Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar da ita baiwa tana 'yar shekara 12, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10, gwamnatin Nijar kuwa ta biya.

A nan gida labarin daban ne. A watan Oktoban 2016 kotun ta ce tsare Sambo Dasuki ya saɓa wa doka, ta umarci a sake shi, amma bai fito ba sai Disambar 2019. Ko me mutum yake gani game da zargin da aka yi masa, wannan aikin kotunan Najeriya ne. Abin dubawa shi ne, idan aka yi wa tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro haka, ina ga talakan da ba shi da kowa? Kuma da wane baki Najeriya za ta zargi sojojin Nijar da ƙin sakin Mohamed Bazoum bayan umarnin wannan kotu na Disambar 2023?

Ranka ya daɗe, ofishinka ne ke da alhakin aiwatar da hukuncin kotun a Najeriya. Ina roƙonka ka bayyana wa jama'a jerin hukuncin da ba a aiwatar ba, da ranar da za a biya kowace diyya. Haka kuma, ka shawarci Shugaban Ƙasa ya amince 'yan Najeriya su riƙa kai ƙara kai tsaye Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha a ƙasar Tanzaniya, kamar yadda Ghana da Gambiya suka amince wa mutanensu.

Naka cikin girmamawa,
Wani ɗan ƙasa daga Kano