Zuwa ga abokina: wa ya ɗauko ajin?

Assalamu alaikum, abokina.

Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya kuma zaman nesa? Saƙonka ya iso tun makon jiya. Na ƙi amsawa ta waya da gangan, don tambayar da ka yi ba ta layi biyu ba ce, kuma abu ne da nake jin daɗin magana a kansa.

Ka ce ka tambayi Java, harshen nan na rubuta manhaja, wane maɗauki ne ya ɗauko ajin da ka rubuta da hannunka (aji a nan shi ne class, tubalin da ake gina shirin Java da shi), ta ba ka suna mai AppClassLoader a ciki. Ka sake yin tambayar a kan String, ajin Java na asali mai riƙe rubutu, sai ta ce maka null, wato babu komai, har ka fara zargin Javar da ka saka a kwamfutarka ta lalace. Kwantar da hankalinka, lafiyarta lau. Wannan null ɗin ita ce amsar da ta dace, kuma a bayanta ne labarin yake.

Ka san JVM, injin nan na manhaja da ke zaune cikin kwamfuta yana gudanar da kod ɗin Java, ba ya kwashe duk azuzuwanka ya zuba a memori lokaci guda. Sai an buƙaci aji yake aikawa a nemo fayil ɗinsa, a karanta, a duba ingancinsa, sannan a shirya shi. Masu wannan aike su ne maɗauka aji. To amma ga inda gizo ke saƙa: shi kansa maɗaukin aji ne, sunansa java.lang.ClassLoader, kuma yana dogaro da Object da String da Class kafin ya iya motsi. Wa zai ɗauko shi ke nan? Dole a sami wani wanda ba aji ba ne, wanda yake nan tun kafin layin Java na farko ya gudana. Shi ne maɗaukin tushe, wanda ka gani a takardu da sunan bootstrap. A injin HotSpot, wanda yawancinmu muke amfani da shi, da C++ aka rubuta shi, yana cikin jikin injin. Tunda ba abin Java ba ne, babu abin da za a miƙo maka a ce ga shi nan. Sai aka yarda a riƙa cewa null a madadinsa. Duk lokacin da getClassLoader ta ba ka null, cewa take yi na tushe ne ya kawo wannan ajin.

Har zuwa Java 8, daga wani ƙaton fayil mai suna rt.jar yake ɗebo kayansa. A ƙarƙashinsa akwai na biyu, mai kula da foldar lib/ext inda ake jefa ƙarin laburare. Da Java 9 ta fito a watan Satumba na 2017 da tsarin modul, wato raba azuzuwan gida-gida, rt.jar ya tafi, foldar ext ma ta tafi, aka maye gurbin na biyun da maɗaukin dandamali. Shi ne yanzu ke kawo irin su java.sql, na tushe kuma yana riƙe da java.base da wasu. Wannan na tsakiyar ba zai cika damunka ba.

Na uku shi ne wanda sunansa ya ruɗa ka, kuma ba kai kaɗai ba. Ana ce masa na sistem, mutum ya ji sai ya ɗauka shi ne mai kawo azuzuwan Java na asali. Ko kusa. Shi ne mai kawo kayanka kai: duk abin da ka jera a classpath, wato jerin wuraren da za a nemi azuzuwanka, ko ta -cp ko ta CLASSPATH, har da ajin da main ɗinka ke ciki. Shi getSystemClassLoader ke miƙo maka, shi ne kuma AppClassLoader ɗin da ka gani. A ganina wannan suna bai yi wa masu koyo adalci ba. Ni tuni na koma ce masa maɗaukin manhaja, kuma ina ba ka shawara ka yi haka ko da a zuciyarka ne.

Yadda suke aiki tare shi ya fi burge ni. Tun Java 1.2 a 1998 ake bin ƙa'ida ɗaya: idan an ce wa maɗauki ya kawo aji, sai ya fara duba ko ya taɓa kawo shi. In bai taɓa ba, ba ya zabura ya tafi nema, sai ya miƙa wa na sama da shi, wanda ake ce wa ubansa. Uban ma ya miƙa wa nasa uban, har a kai ga na tushe. Sai na sama ya ce ba shi da shi sannan na ƙasa ya duba nasa wurin. Ka buɗe kod ɗin loadClass ka gani da idonka, 'yan layuka ne: findLoadedClass, sai tambayar uba, sai findClass a ƙarshe. Kada kalmar uba ta sa ka ɗauka gado ne irin na extends, inda aji ke gadar halayen wani aji. Kowane maɗauki yana riƙe ne kawai da adireshin wanda zai fara tambaya. Daga Java 9 maɗaukan nan na cikin gida sun ƙara da duba wace modul ce ke da fakitin, wato rukunin da ajin ke ciki, su miƙa wa mai ita kai tsaye, amma tunanin bai canja ba.

Amfanin wannan a fili yake. A ce wani ya rubuta nasa java.lang.String mai satar kalmar sirri ya cusa a wani laburare da ka sauke. Ba za a taɓa isa gare shi ba, don na tushe zai riga ya amsa da na gaskiya. Ko ya rubuta nasa maɗaukin ya nemi ya tilasta, injin zai ƙi, ya jefo SecurityException, saboda duk sunan fakitin da ya fara da java. haramtacce ne ga baƙo.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A wurin JVM, suna kaɗai ba ya bayyana aji. Suna ne haɗe da maɗaukin da ya kawo shi. Fayil ɗaya, ba bambancin ko harafi, idan maɗauka biyu suka kawo shi kowa da kansa, to azuzuwa biyu ne daban, kowanne da nasa kayan static, wato kayan da ke na ajin kansa. Kama da wane ba ta wane.

Na koyi wannan ne da wahala. A wani wurin da na yi aiki, muna da manhaja a kan Tomcat, wata saba mai gudanar da manhajojin yanar gizo na Java, wata safiya ta fara faɗuwa da ClassCastException. Na zura wa saƙon ido: yana cewa ba za a iya mayar da aji kaza zuwa aji kaza ba, kuma sunan hagu da na dama iri ɗaya ne, harafi da harafi. Na kwafe su biyun na jera ɗaya bisa ɗaya ina neman inda suka saɓa, babu. Kwana biyu ina wannan. A daren na biyu ne na sa aka buga mini maɗaukin kowannensu, sai ga suna biyu daban. Ashe fayil ɗin jar da ajin ke ƙunshe a ciki yana wuri biyu, ɗaya a foldar lib ta sabar, ɗaya a WEB-INF/lib ta manhajarmu. Tomcat kuwa da niyya yake juya ƙa'idar: in ban da azuzuwan Java na asali, maɗaukin kowace manhaja yana fara duba nasa kayan kafin ya tambayi uba, don manhajoji biyu su iya zama a saba ɗaya kowa da irin laburarensa. Sabar ta ƙera abu da nata kwafin ta miƙo mana, mu kuma muna jiran namu. Na goge jar ɗaya, komai ya daidaita. Na yi farin ciki a daren nan ƙwarai, ba don gyaran kaɗai ba, don na fahimci abin da na daɗe ina karantawa ban gane ba. Sababbin fitowar Java sun sauƙaƙa, suna rubuta sunan maɗaukin a cikin saƙon kuskuren.

Akwai wani gefe da ƙa'idar ke haifar da matsala. Na ƙasa yana ganin kayan na sama, na sama ba ya ganin na ƙasa. To DriverManager na JDBC, hanyar da Java ke magana da rumbun bayanai, yana can sama, direban rumbun bayananka kuma yana classpath a ƙasa. Yaya zai same shi? Mafitar da aka yi ita ce kowane zare na aiki (thread, layin umarni guda da shirin ke bi) yana ɗauke da wani maɗauki da ake karɓa ta getContextClassLoader, wanda a manhaja ta yau da kullum shi ne dai na manhaja. ServiceLoader na amfani da shi ya leƙo ƙasa. Ban ce tsari ne mai kyan gani ba, ƙofar baya ce, kuma ruɗani da yawa daga nan yake fitowa. Amma ka san da ita.

Tunda ka ce kuna shirin barin Java 8, ka bincika kod ɗinku ko akwai inda aka ɗauki maɗaukin manhaja aka mayar da shi URLClassLoader don a ƙara jar ana tsakiyar aiki. Dabarar ta yi tashe a da, amma daga 9 ba ta aiki, don shi ba URLClassLoader ba ne kuma. Sannan ka bambanta saƙonni biyu: ClassNotFoundException na zuwa ne idan ka nemi aji da sunansa, kamar ta Class.forName, aka rasa. NoClassDefFoundError kuwa yawanci ajin yana nan lokacin da aka haɗa kod, aka zo gudanarwa babu shi, ko kuma ya faɗi tun wajen shirya kayansa na static.

Ka yi mini abu ɗaya a daren yau. Rubuta ƙaramin shiri mai buga kalma ɗaya, ka gudanar da shi da -verbose:class. Za ka ga ɗaruruwan azuzuwa sun zubo a allo, Object a kan gaba, kafin a iso ga naka can wajen ƙarshe. Ka turo mini layukan da ke kusa da naka, da fitowar Javar da kake kai, mu duba tare.

Ka gaishe mini da mutanen gida da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
abokinka na kullum