Hana hijabi a Tajikistan: ya kamata jaridarku ta duba wannan lamari

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan Tajikistan, ƙasar nan da ta ɓalle daga Tarayyar Sobiyat a 1991, maƙwabciyar Afganistan, wadda kusan duk mutanenta Musulmi ne. A Yunin 2024 shugaba Emomali Rahmon ya sa hannu a dokar hana tufafin da suka kira na baƙi, hijabi kenan a fakaice, kuma tun 2011 doka ta hana yaran da ba su kai shekara 18 ba zuwa masallaci sai dai jana'iza. Gemu ma bai tsira ba, 'yan sanda kan tare mutum a hanya su kai shi a aske masa ƙarfi da yaji.

Abin da ya fi ci min rai shi ne alƙawarin da aka karya. Bayan yaƙin basasar 1992 zuwa 1997 an yi sulhu, aka ce za a ba 'yan adawa kashi 30 cikin ɗari na muƙamai, jam'iyyar Nahda ta Musulunci ta ajiye makami ta shiga zaɓe har da kujeru a majalisa, sai ga shi a 2015 an haramta ta an ce 'yan ta'adda ne, aka ɗaure shugabanninta.

Gwamnati dai na cewa tsoron ta'addanci take, kuma ba ƙarya ba ne akwai barazana, 'yan bindigar da aka kama da zargin kai harin Mosko na Maris 2024 'yan Tajikistan ne. To amma yaron da ka hana zama gaban malami a masallacin unguwa, wa zai karantar da shi in ba ɓatagarin intanet ba?

Wassalam,
Mai karanta ku kullum, daga Zariya