Wasiƙar Sallah daga Garanada: asali da zuriyar gidan Banu Nasar

Zuwa ga Baba da Inna da dukan mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da shan ruwa, barka da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Ina nan lafiya, kuma mun sauko daga idi lafiya a nan Garanada, kudancin Sifen, a masallacin unguwar Albaizin, wanda aka buɗe a 2003 yana fuskantar fadar Alhamra.

Baba, da muka yi waya cikin azumi kun tambaye ni su wane ne suka gina wannan fada, kuma 'ya'yan wane ne, domin a wurinku ba a gama sanin mutum sai an san gidansu. Waya ba ta ɗaukar amsar, shi ya sa na ga ya dace in yi amfani da hutun yau in rubuto muku ita a tsanake.

Ana kiran gidan Banu Nasar, ana kuma ce musu Banul Ahmar. Asalinsu ba mutanen Garanada ba ne. Daga wani ƙaramin gari suke mai suna Arjuna, a yankin Jayyan, arewa da nan. Kakansu Muhammadu ɗan Yusufu ɗan Nasar mayaƙin kan iyaka ne da aka sani da tsantseni da rashin son ado, kuma mutanen garinsu ne suka yi masa mubaya'a a watan azumi na 1232, lokacin da mulkin Muwahhidawa, daular da ta zo daga Maroko, ya wargaje a Andalus, wato yankin Musulmi na Sifen. Ya shiga Garanada a 1238, ya fara gina Alhamra a kan tudu. Garin haihuwarsa ya kuɓuce masa a 1244, sannan a 1246 ya sallama Jayyan ga Sarki Farnando na Uku na Kastila, masarautar Kiristoci da ke arewa da su, ya yarda da biyan haraji duk shekara, abin da ya sama wa gidansa lokaci har ya kafu.

Game da salsalarsu, wazirin fadar kuma marubucin tarihinta, Ibnul Khaɗib, ya kai nasabarsu har ga Sa'adu ɗan Ubada, shugaban Khazraj na Madina, sahabin Manzon Allah (SAW). Sun yi alfahari da wannan matuƙa, har waƙar da aka sassaƙa a bakin kwandon ruwan Farfajiyar Zakuna, cikin Alhamra, tana kiran sarki magajin Ansar. Masana tarihi da dama suna ganin an ƙarfafa wannan nasaba ne bayan mulki ya zauna, tun da an rubuta ta fiye da shekara ɗari bayan mubaya'ar Arjuna. Ni dai abin da na lura da shi shi ne, mutanen Arjuna sun bi Muhammadu saboda abin da suka gani a hannunsa, kuma abin da ya riƙe gidan daga baya auratayya ce da haihuwa ta kusa, wadda kowa a fada ya san ta ba sai an duba littafi ba.

Surukai ne suka fara ɗaga shi, su ne kuma suka fara girgiza shi. Banu Ashƙilula mutanen Arjuna ne su ma, akwai auratayya tsakanin gidajen biyu, kuma da takubbansu aka ci ƙasar, aka ba su riƙon Malaga da Wadi Ash. Da suka ga sarki ya keɓe gado ga 'ya'yan cikinsa, sai suka yi tawaye a 1266, Sarki Alfonso na Goma na Kastila ya mara musu baya. Rigimar ta wuce rayuwar Muhammadu na Farko, wanda ya rasu a 1273, ta faɗa kan ɗansa Muhammadu na Biyu, wanda ake yi wa laƙabi da Alfaƙihi. Sai a 1279 ya karɓe Malaga, kuma sai a 1288 ragowar surukan suka bar Wadi Ash suka haye Maroko.

A nan ne nake so Inna da Gwaggo su saurara da kyau, domin daga nan labarin ya koma hannun mace. Da Alfaƙihi ya karɓe Malaga, bai sake amincewa da bare ba, sai ya ba ɗan baffansa, Abu Sa'idu Faraj ɗan Isma'ila, riƙon birnin, dama kuma ya riga ya aura masa 'yarsa Faɗimatu. Auren zumunci ne irin wanda muka sani, an yi shi don dukiya da mulki su tsaya cikin gida. Faɗimatu uwa ɗaya uba ɗaya take da Muhammadu na Uku, wanda ya gaji ubansu a 1302, amma akwai ɗan ubansu mai suna Nasar, wanda uwarsa ƙwarƙwara ce Kirista. Ranar ƙaramar Sallah ta 1309, rana irin ta yau, manyan fada suka tuɓe Muhammadu na Uku suka naɗa Nasar. Gidan Malaga bai amince ba. Mijin Faɗimatu ya ɗaga tuta da sunan ɗansu Isma'ila, wanda ya haɗa jinin gidan ta wajen uwa da uba, kuma a 1314 Isma'ila ya shiga Alhamra, kawunsa Nasar ya koma Wadi Ash inda ya rasu a 1322.

Ku duba abin da ya faru a nan, Baba. Zuriyar wanda ya kafa gidan ta wajen 'ya'ya maza ta yanke a kan sarauta bayan sarakuna huɗu kacal, sarautar ta koma reshen ɗan'uwansa Isma'ila, wato mahaifin Abu Sa'idu Faraj, kuma jinin Muhammadu na Farko ya ci gaba da zama a kan karaga ne ta hanyar jikarsa mace. Isma'ila na Farko, ɗan Faɗimatu, jarumi ne, shi ya karya rundunar Kastila a filin Garanada a 1319, inda 'ya'yan sarauta biyu, Fedro da Huwan, suka mutu. Amma ya tsare mahaifinsa a Salobreniya har ya rasu, shi ma kuma wani ɗan'uwansa na jini ya kashe shi a 1325. Ya bar yaro ɗan shekara goma, Muhammadu na Huɗu, kakarsa Faɗimatu ta tsaya a kansa tare da amintattun fada. Aka kashe wannan jikan a 1333, aka naɗa ƙanensa Yusufu yana da shekara goma sha biyar, tsohuwar ta sake tsayawa. Ta rasu a 1349, a ƙidayar Hijira tana da fiye da shekara casa'in, aka binne ta a maƙabartar sarakuna da ke cikin Alhamra. Ita 'yar sarki ce, 'yar'uwar sarakuna biyu, uwar sarki, kakar sarakuna biyu, kuma a ganina ba a yi mata adalci ba idan aka jera sunayen mazan aka tsallake nata, domin sau biyu sarauta ta faɗa hannun yara ba ta fita daga gidan ba.

Zamanin Yusufu na Farko da ɗansa Muhammadu na Biyar shi ne ganiyar gidan. Yusufu ya gina Ƙofar Shari'a a 1348, ya buɗe makarantar Yusufiyya a cikin gari a 1349, kuma mafi yawan abin da baƙi suke yin layi don gani a yau aikinsu ne su biyun. Abin tausayi shi ne ƙarshen Yusufu: yana cikin sallar idi ta ƙaramar Sallah a 1354 wani mutum da aka ce mai taɓin hankali ne ya daɓa masa wuƙa a masallaci. Na tuna da shi yau da safe, na yi masa addu'a.

Ya bar 'ya'ya a ɗakuna biyu, na Busaina da na Maryamu, kuma daga nan 'yan ubanci ya kama gidan bai sake sakinsa ba. Muhammadu na Biyar ɗan Busaina ne ya hau. Maryamu tana da dukiya, tana da ɗa mai suna Isma'ila, tana kuma da suruki, mijin 'yarta, wanda shi ma jinin Abu Sa'idu Faraj ne ta wani reshe. Cikin azumin 1359 mutanensu suka haura ganuwar Alhamra da dare, sarki ya tsira zuwa Wadi Ash, daga nan ya wuce Fas ta Maroko. Ba a cika shekara ba surukin ya kashe Isma'ilan da ya naɗa, ya hau da kansa. A 1362 Muhammadu na Biyar ya dawo da taimakon Sarki Fedro na Kastila, wanda ya kashe surukin a Ishbiliya, Muhammadu kuma ya yi mulki har 1391. Bayan dawowarsa ne aka gina Farfajiyar Zakuna.

Ƙarni na goma sha biyar ba zan tsaya a kansa ba, domin tuɓewa ce da naɗi tsakanin baffanni da 'ya'yan 'yan'uwa, har ɗaya daga cikinsu, Muhammadu na Tara, ya hau ya sauka ya sake hawa ba sau ɗaya ba. Kowane ɓangare yana da manyan gidaje a bayansa, irin su Banu Sarraj, kuma kowanne idan ya ji wuya sai ya nemi Kastila ta agaza masa a kan ɗan'uwansa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ƙarshen ma ta ɗakuna biyu ya zo. Sarki Abul Hasan Aliyu yana da uwargida A'isha, jinin gidan ce, uwar Abu Abdullahi wanda mutanen nan suke kira Boabdil. Ya kuma auri wata baiwa Kirista, Isabela de Solis, wadda ta musulunta aka sa mata Surayya, ta haifa masa Nasar da Sa'adu. Tsoron kada gado ya koma ɗakin amarya ya sa Abu Abdullahi ya yi wa mahaifinsa tawaye a 1482, shekarar da Kastila ta ƙwace garin Alhama. Aka kama shi a yaƙin Lusena a 1483, Sarki Farnando na Aragon da matarsa Sarauniya Isabela ta Kastila suka sake shi bisa sharuɗɗa, sun san zai koma ya yaƙi mahaifinsa da baffansa Azzagal. Haka kuwa aka yi: Malaga ta faɗi a 1487, Azzagal ya miƙa wuya a 1489, kuma ranar 2 ga Janairu 1492 Abu Abdullahi ya miƙa mabuɗan Garanada, shekara 260 bayan mubaya'ar Arjuna. Yana yi mini ciwo in ga gidan da ya rubuta a kowane bango cewa babu mai rinjaye sai Allah ya ƙare da uba da ɗa da baffa kowanne da tutarsa.

Kafin Abu Abdullahi ya bar ƙasar ya sa an tone ƙasusuwan kakanninsa daga maƙabartar Alhamra an mayar da su wajen Monduhar, kudu da birnin, sannan a 1493 ya haye teku ya zauna a Fas har ƙarshen rayuwarsa. 'Yan ubansa kuwa, 'ya'yan Surayya, sun zauna a nan, aka mayar da su Kiristoci da sunayen Farnando da Huwan na Garanada, suka yi aure cikin manyan gidajen Kastila. Ta haka zuriyar Faɗimatu ta rabu gida biyu, wasu a Maroko, wasu a Sifen.

Wannan ita ce amsar tambayarku, Baba. Na aika goron Sallah ta hannun Yaya, a ba Inna nata, a raba wa yara sauran. A gaishe mini da Baffa da Kawu da iyalansu, da Gwaggo, da maƙwabta duka, kuma ina roƙon ku ci gaba da sa ni cikin addu'a.

Wassalam,
ɗanku da ke Garanada.