Rahoton Ayyukan Shekara: Ƙarin Ma'aikata a Fannin Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Jinyar Masu Shaye-shaye

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mambobi.

Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini nauyin gabatar muku da ayyukan ƙungiya na bana. Kusan duk ƙarfinmu wuri guda ya tafi: samar da ƙarin mutanen da za su iya duba masu lalurar ƙwaƙwalwa da waɗanda shaye-shaye ya yi wa katutu, da riƙe su a bakin aiki.

Dalilin a fili yake. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna cewa a matsakaicin lissafi, ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa 13 ne ke kula da mutum 100,000. A ƙasashe matalauta ba su kai biyu ba, a masu arziki kuwa sun haura 60. Rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2024 ya ce a duniya mutum miliyan 64 ne ƙwaya ta zame wa ciwo, kuma ɗaya cikin 11 kacal ke samun magani. A mata abin ya fi muni, ɗaya cikin 18. Kafin a yaye likitan ƙwaƙwalwa guda sai an ci shekara goma ko fiye, saboda haka dogaro da su kaɗai jiran gawon shanu ne.

Horon bana mun gina shi a kan tsarin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 domin ma'aikatan da ba ƙwararrun fannin ba. Ma'aikatan jinya, ungozomomi da jami'an lafiya na matakin farko sun koyi gane ciwon damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya, da alamun mai shirin hallaka kansa. Sun koyi tambayoyi 10 na AUDIT da ake auna shan barasa da su, da yadda ake ba da maganin naloxone ga wanda ƙwaya mai sinadarin ofiyom ta danne wa numfashi.

Sai dai ba a ajin horo aikin yake ba. Kowa na son bita, a zauna 'yan kwanaki, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto. Ma'aikaciya ta koma asibitinta, mara lafiya na farko ya ce mata ya gaji da rayuwa, ta waiga babu wanda za ta tambaya. Daga ranar sai ta daina yin tambayar ma, don kada ta ji amsar da ba ta san yadda za ta yi da ita ba. Shi ya sa muka rage yawan bitoci, muka karkatar da kuɗin zuwa bibiya. Kowane wanda aka horar an haɗa shi da ƙwararre daga cikinmu: suna zama a kai a kai, ana bin matsalolin marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya ba tare da ambaton suna ba, akwai kuma layin waya na gaggawa. Ba mu ne muka ƙirƙiro dabarar ba. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci su saurari masu damuwa, binciken 2016 kuma ya nuna zama shida da su na rage ciwon sosai. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne akwai masu sa ido a bayan matan nan.

Batun da ya fi jawo muhawara a taronmu shi ne ɗaukar waɗanda suka daina shaye-shaye su zama mataimaka. Wasu sun ce in ya koma ruwa fa? Tambaya ce mai kyau, kuma mun sa sharuɗɗa. Amma ni dai na ga matashin da ya ƙi buɗe baki gaban likita ya saki jiki da wanda ya taɓa shiga halin da yake ciki. Ra'ayina, a biya su alawus kamar kowa. Ba daidai ba ne mu ce aikinsu na da daraja sannan mu sallame su da godiya.

Kan gajiyar aiki, wadda ke kore mana gogaggun ma'aikata, mun fara zaman sauke nauyi tsakanin abokan aiki, amma halartar ba ta taka kara ta karya ba.

Abin da ya rage shi ne shigar da darasin mhGAP cikin manhajar makarantun jinya. An fara tattaunawa, ba a kammala ba. Masu sa ido kuma sun yi ƙaranci, wasu na ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinsu. Duk ƙwararren da zai iya karɓar ma'aikaci ɗaya ko biyu a shekara mai zuwa, ya ba da sunansa a ofishin sakatare kafin babban taro. Ma'aji zai gabatar da rahoton kuɗi daban.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa