Kafin a kashe sabar da ta sandare, a fara tattara shaida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu kula da kwamfutocin ofisoshi, makarantu da asibitoci kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare. Da zarar sabar, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogara da ita, ta sandare, sai a ruga a kashe ta a sake kunnawa. Aiki ya dawo, dogon layin da aka ce wa "babu netwok" ya motsa, amma an goge shaidar da za ta tona asirin matsalar. Bayan kwana biyu kuma a koma gidan jiya.

Sabobi da yawa yanzu kwamfutocin kwaikwayo ne, waɗanda ma'aikata ke kira VM, da ke zaune a kan uwar na'ura guda mai ɗauke da VMware ESXi, Proxmox ko Hyper-V. Tamkar gidan haya ne mai rijiya ɗaya: in ruwa ya yanke wa ɗaki guda, ba lallai laifin mai ɗakin ba ne. Don haka tambayar farko ita ce, VM ɗaya ce ta tsaya ko har da maƙwabtanta? In biyu ko uku suka sandare lokaci guda, a bar tonon cikinsu, a nufi uwar na'ura da wurin ajiyar faifai.

Sai a buɗe allon VM ɗin ta cikin uwar na'ura, ba ta netwok ba. Shuɗin allo a Windows, ko saƙon "Kernel panic" a Linux, faɗuwa ce, kuma ita ta fi sauƙin bincike domin takan bar rubutu. In tana amsa ping, wato saƙon gwaji ta netwok, amma an kasa shiga ta SSH, hanyar shiga daga nesa, galibi tana da rai, faifai take jira. Akwai kuma wadda ba ta sandare ba sam, uwar na'ura ce ta dakatar da ita da gangan. A KVM, wato tsarin Linux na ɗaukar VM, umarnin `virsh domstate --reason` tare da sunan VM zai faɗi haka, Proxmox kuwa yana rubuta "io-error" a gefenta.

Wannan dakatarwar yawanci cikar wurin ajiya ce. Ana ba kowace VM faifan da ke girma sannu a hankali, jimillar abin da aka yi musu alkawari ta fi ainihin faifan da ke cikin akwatin. Sannan wani ya ɗauki sinafshot, wato hoton yanayin faifan da ake iya komawa gare shi, kafin sabunta manhaja, ya manta da shi wata da watanni, duk sabon rubutu yana taruwa a fayil na gefe. VMware da kansa ya ba da shawarar kada sinafshot ya wuce awa 72. Ranar da wuri ya cika, QEMU, manhajar da ke tafiyar da VM a KVM da Proxmox, zai tsayar da VM don kada bayanai su lalace. Maganin shi ne a share tsofaffin fayilolin girka manhaja na ISO ko a kwashe kwafin ajiya zuwa wani faifai, sannan a ba da `virsh resume` ko `qm resume`, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wanda ya kashe ta da ƙarfi ya zubar da rubutun da ke jira a banza. A Proxmox, umarnin `lvs` yana nuna Data% da Meta%, wato cikar wurin bayanai da cikar wurin lissafinsu, kuma a duba duka biyun, domin cikar na biyun ta fi muni. Kada kuma a goge babban sinafshot da tsakar ranar aiki: haɗe shi yana cin wuri, yana iya daskarar da VM na ɗan lokaci.

Jinkirin faifai ya fi wannan wuyar kamawa. A Linux, `dmesg` zai nuna "blocked for more than 120 seconds". A Windows a nemi lamba 129 da 153 a Event Viewer. Linux na jiran faifan SCSI daƙiƙa 30 kacal, in ya gaza sai tsarin fayilolinsa, ext4, ya koma karatu kawai, rumbun bayanai ya kasa rubutu. VMware Tools na ɗaga wa'adin zuwa 180, ana ganinsa a `/sys/block/sda/device/timeout`, shi ya sa barin VM ba tare da shi ko open-vm-tools ba ganganci ne. A `esxtop` na ESXi, in DAVG, wato lokacin da faifai ke ɗauka kafin ya amsa, ya daɗe sama da milisakan 25, matsalar tana can ƙasa a wurin ajiya.

A nan ne halin wutarmu ke shigowa. Sau da yawa akan jona uwar na'ura a UPS, a bar suwic ɗin netwok da akwatin ajiyar faifai na NAS a soket ɗin bango. Aka ɗauke wuta, kafin janareta ya kama, akwatin ya mutu, yana kuma buƙatar mintuna kafin ya tashi. Uwar na'ura lafiyarta lau, fitilunta na ci, amma faifan kowace VM ya ɓace. ESXi yana haƙuri daƙiƙa 140 bayan duk hanyoyin zuwa faifai sun yanke, kafin ya ayyana cewa wa'adin jira ya ƙare. Duk abin da ke tsakanin VM da faifanta dole ya hau UPS. Haka batirin katin RAID, mai haɗa faifai da yawa su zama ɗaya: in ya mutu, katin yakan daina tara rubutu a ma'adanarsa, ya koma rubutawa kai tsaye, saurin ya faɗi warwas ba tare da wani allo ya yi kuka ba.

Sai memori. A ɗauka uwar na'ura na da 64GB, an ba VM biyar 16GB kowacce. Tamanin ke nan, ba a ma cire rabon ita uwar ba. Muddin ba su nema tare ba, shiru kake ji. Ranar biyan albashi ko rajistar ɗalibai, uwar za ta fara ƙwato memori ta hanyar wata ƙaramar manhaja da ake kira balan-balan da ke cikin kowace VM, in bai isa ba ta juye memorin zuwa faifai, komai ya koma tafiyar hawainiya. A uwar na'ura mai Linux kuwa, mai kisan OOM, da ke kashe aiki in memori ya ƙare, na iya kashe VM ɗungurungum. A cikinta ba za a ga komai ba sai kamar an zare wuta, Windows zai rubuta lamba 41 da 6008 kawai. Shaidar tana log ɗin uwar na'ura: "Out of memory: Killed process". Masu tsarin ajiya na ZFS su sani cewa a tsofaffin saituna yakan ci har rabin memori. A ganina, sabar rumbun bayanai ba wurin wannan caca ba ce, a keɓe mata memorinta cif.

Batun furosesa gajere ne. Ƙara wa VM vCPU, wato furosesar kwaikwayo, barkatai ba ya ƙara mata sauri, sau da yawa jira yake ƙara mata. A duba `st` a `top` kan KVM, ko %RDY a `esxtop` bayan an raba shi da adadin vCPU; duka biyun suna nuna lokacin da VM ke jiran furosesa. Kashi 5 gargaɗi ne, kashi 10 matsala. Saƙon "soft lockup" yana fita in furosesa ta maƙale sama da daƙiƙa 20, kuma a cikin VM ya kamata a fara zargin cunkoson uwar na'ura.

To, idan ta sandare gaba ɗaya fa? Shiri ne tun kafin ranar. A ƙirƙiri `/var/log/journal` domin `journalctl -k -b -1` ya iya nuna abin da ya faru kafin kunnawa ta ƙarshe. A girka kdump, mai adana memori in Linux ya faɗi, a saita `kernel.unknown_nmi_panic=1` da `kernel.sysrq=1`, a ƙara `console=ttyS0` domin saƙon ƙarshe ya fito ko faifai ya ɓace. Ranar da abin ya faru, a ɗauki hoton allo, a rubuta lokaci. A aika Alt, SysRq da W ta `virsh send-key`, zai lissafo ayyukan da suka maƙale. Sannan a harba NMI, wato siginar gaggawa ga furosesa: `virsh inject-nmi` a KVM, ko `Debug-VM` tare da `-InjectNonMaskableInterrupt` a Hyper-V. VM za ta faɗi da gangan, ta zuba memorinta a `/var/crash`, ko a `MEMORY.DMP` in Windows ce, wanda WinDbg ke karantawa da `!analyze -v`. Tun daga Windows Server 2012 ba a buƙatar wani saiti don wannan. In faifan ne ya maƙale, zubawar ba za ta yiwu daga ciki ba, sai a yi `virsh dump --memory-only` daga waje, a tanadi wurin da ya kai girman memorin VM ɗin.

Duk wannan ba shi da amfani in agogo ya saɓa. Dole uwar na'ura, VM da akwatin ajiya su bi NTP guda, wato madogarar daidaita agogo ta netwok, in ba haka ba ba za a iya jera `vmware.log`, `vmkernel.log` da log ɗin VM a gano wanda ya fara ba.

Kada kuma a manta da ƙarfen. A bazarar Kano ko Maraɗi zafi na haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe matatar iska. Furosesa mai zafi tana rage gudu da kanta, abin ya yi kama da sandarewa. iDRAC na Dell, iLO na HP, ko `ipmitool sel list` suna adana tarihin zafi, fankoki da kurakuran memori, `smartctl -a` kuma ya nuna faifan da ya fara ruɓewa.

Ga shugabannin ma'aikatu, roƙona shi ne su ba ma'aikacin minti goma na tattara waɗannan kafin su matsa masa ya kunna, su kuma nemi ya rubuta musabbabin a takarda bayan kowace tsayawa.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani injiniyan kula da sabobi, Kano