Zuwa ga Hajiya Rabi a Kumasi

Assalamu alaikum ƙawalli,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya Alhaji, ya su Ummi, ya autanki sarkin rigima? Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya shigo da ƙarfinsa, Inna tun la'asar sakaliya take shigewa ɗaki da kaskon wutarta. Ke kuwa tun da dokunu ya karɓe ki kika yi watsi da mutanen Zariya, ko "ya kuke" babu. Za mu haɗu ne.

Bari in fara sauke abin da ke cina tukuna. Rabi, an ɗauke ni! Aikin nan na binciken lafiyar tsofaffi da na ce miki na nema, ni aka ba shugabancin nas-nas ɗin da za su riƙa shiga gida-gida. Likitocinmu ne suka haɗa hannu da wasu jami'o'i na ƙasashen waje. Kuɗi da na'urori daga can, tsofaffi da tafiyar ƙafa daga nan. Ranar da saƙon ya shigo sai da Yaya Sani ya leƙo ya ga ko lafiya, saboda guɗar da aka rangaɗa a gidan.

A wurin horo na gane ashe duniya ta daɗe da tashi tsaye kan maganar tsufa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 don tsufa cikin ƙoshin lafiya, domin lissafi ya nuna nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida ya kai shekara 60 ko ya wuce, zuwa 2050 kuwa kashi 80 cikin 100 na tsofaffin duniya a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita za su kasance. Ƙasarku ma ta riga mu. Tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Ghana cikin ƙasashe shida na binciken SAGE, tare da Sin, Indiya, Meziko, Rasha da Afirka ta Kudu, ana bin 'yan shekara 50 zuwa sama ana auna jininsu, ƙarfin damƙar hannunsu da saurin tafiyarsu. Kada ki fara yi mini yanga, ba ke aka auna ba, ko da yake saura ƙiris ki shiga layi.

Wanda ya fi burge ni na Ibadan ne. A 1992 Farfesa Osuntokun da mutanensa suka haɗa kai da wasu likitoci a Indianapolis ta Amurka, suka riƙa bin tsofaffin Yarbawa da tsofaffin baƙar fatar Amurka da ma'auni iri ɗaya shekara da shekaru. Sai aka tarar masu kamuwa da gigin tsufa a Ibadan ba su kai rabin na can ba. Da kowa ya tsaya a garinsa ya yi nasa, wa zai san haka? Daga irin wannan aikin ne ma aka samo gwajin da za mu yi amfani da irinsa. Kin san Turawa biro suke miƙa wa tsoho su ce ya zana agogo. To Inna da ba ta taɓa riƙe biro ba, amma ta san bashin da take bin kowace mata a unguwa har da na kafin a haife mu, sai a rubuta ta ruɗe? Masu bincike a Tanzaniya da Ibadan suka sauya, suka ce a jera tsinken ashana a wani fasali, tsoho ya kalla ya jera irinsa. Na gwada wa Inna, ta jera tsaf, sannan ta tattara ashanar ta soke a gefen zani ta ce kada a yi almubazzaranci.

Amma ga abin da ya hana ni barci. Akwai wani bincike, SIREN, da aka yi a Najeriya da Ghana kan shanyewar ɓarin jiki, da Kano da Zariya da Kumasinku duk a ciki. An kwatanta mutum sama da 2,000 da ciwon ya kayar da irin adadinsu masu lafiya, sakamako ya fito a 2018. Kusan kashi 90 cikin 100 na matsalar hawan jini ne. Matsakaicin shekarun waɗanda suka faɗi kuma 59. Rabi, 59! Ko shekarun da ake fara kiran mutum tsoho a takarda ba su kai ba. Da likitar ta faɗi haka Baba ne ya faɗo mini a rai, da ranar nan da aka kawo shi daga kasuwa. Allah ya jiƙansa ya kai haske kabarinsa. Mu biyu muna makarantar jinya a lokacin, ga abin awo a jakarmu, shi kuwa in an ce a auna shi sai ya yi dariya ya ce ƙalau yake.

Shi ya sa da aka karanta mana tsarin aiki na kasa yin shiru. Wai in mun sami tsoho jininsa ya hau, mu rubuta masa takarda ya je asibiti, shi ke nan. Na ɗaga hannu na ce, da wane kuɗin mota, da wane kuɗin magani? Mu shiga ɗakin tsohuwa, ta shimfiɗa mana tabarma, mu ɗebi jininta a kai shi firjin wata ƙasa, mu bar ta da takarda a ƙarƙashin filo? Na ce musu mutanenmu ba su manta gwajin maganin da aka yi a kan yara a Kano a 1996 lokacin sanƙarau ba, har gobe in an ga baƙo da allura sai an tuna. Yarda ba a sayenta da lemo da biskit. Baturiyar da ta zo ta saurare ni har ƙarshe, ta rubuta, ta ce masu ba da kuɗin bincike ba kasafai suke yarda a sayi magani da shi ba, amma za ta kai maganar. Babban likitanmu ya goya mini baya, ya ƙara da cewa sakamakon ma a dawo a faɗa wa mutane da Hausa a ƙofar gidan mai unguwa, kuma yaranmu su zauna a teburin da ake nazarin bayanan. Har yanzu muna jiran amsa. Ki taya ni addu'a, domin in ba a yarda ba ban san da wane ido zan kalli tsofaffin nan ba.

Kuma kuɗi akwai su a harkar. A Nuwamban 2023 aka sanar da gasar dala miliyan 101 a Riyad, gidauniyar Hevolution ta Saudiyya na cikin manyan masu ɗaukar nauyi, ga duk wanda ya samo maganin da zai mayar wa tsoho ƙarfin jiki da ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki baya da aƙalla shekara 10. Allah ya ba su sa'a, da gaske nake. Ni dai ƙwayar hawan jini ta wata guda nake roƙa wa Iya mai ƙosai.

Af, kin ji an sa ranar 'yar Larai? Bayan ƙaramar salla ne, da yaron nan mai shagon waya. An fitar da anko har kala biyu, Larai ta ce in gaya miki ba ta karɓar uzuri, wai ko a bayan motar goro sai kin zo. Kuma Sista Mai Jan Kunne ta yi ritaya, ta buɗe kemis a bakin layinsu, har yanzu sai ta duba farcen mutum kafin ta amsa gaisuwa.

Mun je gaida liman da mai unguwa kafin mu fara. Na ji tsoron a ce muna jayayya da ajali, sai liman ya riga ni. Ya ce kwana na Allah ne, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi tsari daga a mayar da shi zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, don haka neman tsufa da ƙarfi da hankali ba laifi ba ne. Shi ya fara naɗe hannun riga aka auna shi a gaban jama'a. Na ba su labarin Finland, inda aka bi tsofaffi 1,260 shekara biyu, aka ɗora rabinsu kan gyaran abinci, motsa jiki, wasa ƙwaƙwalwa da lura da jini, a 2015 aka ga kansu ya fi na sauran riƙewa. Wani dattijo ya ce in dai motsa jiki ne, shi kullum sai ya taka zuwa gona. Na ce saura a rage gishiri da dunƙule a miya, a ƙara zogale da rama da alayyahu, domin SIREN ɗin ma ya nuna masu cin ganye a kai a kai sun fi tsira. Matan suka ce in je in faɗa wa mazan da ke cewa miya ta yi lami.

Ki auna Hajiya Babba wannan makon, ke ma ki auna kanki, na san halinki da kakiɗe. Ki rubuto mini lambobin. In Alhaji zai shigo kafin azumi ki ba shi atamfar nan da kika yi mini alkawari, shuɗiyar, ba mai ruwan goro ba. Inna tana gaishe ki, ta ce ki turo hoton auta. Ki gaida su Ummi da duk mutanen Aboabo.

Taki har kullum,
Hauwa